Kwalbar da Na Kasa Cafewa

Asabar, 14 ga Yuli, 1990. Camberwell.

Na buɗe littafin soyayyar nan sau biyu, na rufe. Ba na son ganin wani jarumi yau.

Da la'asar Yaya Kabir ya tafi park wurin abokansa na college, na bi shi don kawai Faruk zai je. Faruk ɗin da ke durƙusawa har ƙasa in zai gaida Baba. Wasa muka tarar ana yi: an kafa sanduna biyu a ciyawa, kowace da kwalba a kanta, ana jifa da faifan roba. In aka buge kwalbarku sai ka cafe ta kafin ta kai ƙasa, in ta faɗi ka shanye kofi guda. Ni na ɗauka lemo ne.

Aka haɗa ni da Faruk. Kwalbar ta taho daidai hannuna, ni kuwa ina can ina kallon gefen fuskarsa. Ta faɗi. Wata Baturiya ta miƙo mini kofi, warin giya ya doki hancina, kowa na ihu, "Drink! Drink!"

Faruk ya karɓe kofin. "Ku ƙyale ta, ƙanwata ce. Ni zan sha mata."

Ya shanye, ko fuska bai yamutsa ba. Ashe ya saba. Na sake yar da kwalbar sau biyu, sau biyu ya sake sha.

A bas Yaya ya ce, "Binta, kar Umma ta ji fa."

Bayan sallar isha na ɗaga hannu zan roƙa wa Faruk gafara, sai na tuna hannun nan ne ya saki kwalbar.