Kwamfutar da Aka Ƙaddamar Sau Biyu

Wudil, Jihar Kano

Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Suwaiba. Yaya ƙafar Inna? Yaya Yauri da ruwan bana?

Ni lafiya lau. Ramar da aka ce muku na yi, zafin gari ne kawai.

Ka tambayi aiki. Ina koya wa ɗalibai yadda ake gina manhajar kwamfuta: a tambayi mai buƙata, a tsara, a rubuta, a gwada, sannan a yi ta kula da ita kamar yadda kake kula da kwalekwalenka. Don kada abin ya tsaya a allo, muka gina wa wani asibitin ƙauye manhajar da ke tuna wa ma'aikata ranar rigakafin kowane yaro.

Ka san tunda soja suka koma bariki, komai sai an ƙaddamar. Wani ɗan siyasa ya zo da maroƙa, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar 'yan korensa sun sa kwamfutar asibitin a mota, wai za a sake ƙaddamar da ita a wata mazaɓar. Har yau ba ta dawo ba, ga ƙyanda ta shiga ƙauyen.

Jiya ina bayanin kula da manhaja, wata ɗaliba, Safiya, ta ce, "Malam, a kula da wacce?" Sai na juya ina goge allo.

A aiko min da busasshen kifi. Inna ta sa ni a addu'a, don gobe ma wannan darasin zan koyar.

Ƙaninka,
Lurwanu