Na hana bijimin kawuna hatimi

Inna Hasanatu, ki taimaka mini, kaina ya kulle. Ni likitan dabbobi ne na gwamnati, haifaffen Zongo. Na yi karatu don in yi wa dabba magani, amma aikina shi ne in tsaya a mayanka in duba huhu da hanta, in buga hatimi ko in hana. Shanu suna saukowa daga mota bayan doguwar tafiya daga arewa ba ruwa, wasu a durƙushe. Na yi magana a riƙa ba su ruwa har na gaji. Mahauta sun sa mini suna Malam A'a, yara ma haka suke gaishe ni, da ladabi.

Ana gobe bikin jam'iyya aka yanka bijimin da za a dafa wa manyan baƙi. Huhunsa duk ƙuraje. Na hana. Bijimin kuwa na kawuna Alhaji Tchakoura ne. Shugabana ya yaba mini a ɗaki, washegari ya sa sunana cikin masu rawar tarbar baƙi a filin jirgi. Ban iya rawa ba. Kawu ya daina amsa sallamata. Innata ta ce in je in ba shi haƙuri, sai ka ce hakan zai ta da bijimin. Ba na barci sosai, nama kuma ya fita raina. In ajiye aikin?

Mai Hatimi, Zongo

Ɗana, kada ka ajiye. Da baƙin nan sun kwana a asibiti, da kai da kawunka ba rawa za a sa ku ba.

Amma shi ma a duba masa. Ya yi asarar bijimi a gaban jama'a, ta hannun yaron da ya goya. Ka je gidansa da innarka, ka ba shi haƙurin kunyar, ban da hukuncin. Ka yi masa tayin duba shanunsa da ransu tun kafin ciniki. Batun ruwa kuwa, ka bi ta wurin sarkin fawa, ka nuna masa saniyar da ta sha ta fi auki. Ranar hutu ka zaga unguwa ka yi wa awakin mata magani, ka ga dabbar da ta warke a hannunka. Rawar kuma ka tsaya a layin baya, ba mai duba ƙafa a can.

Allah ya sanyaya zuciyar kawunka, ya ba ka barci mai daɗi.

Inna Hasanatu