Ƙumar Kyanwar Sito

Litinin, 3 ga Maris

Cikin 'ya'ya huɗun da kyanwar sito ta haifa, ɗaya ta rage, wata figaggiya mai kunnuwa kamar na jemage. Baba Mai Sikeli ya mai da ita jika. Da an tashi hutun rana sai ya ɗora ta a cinya yana tsince mata ƙuma, yana fasawa tsakanin farata, ƙas, ƙas. Hannunsa duk yakushi. Da wannan hannun yake murza ido in ƙurar fulawa ta shiga.

Na ce, Baba, a riƙa wanke hannu. Ya ce likitan buhu ya fara. Sauran suka kwashe da dariya.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina malamin dabbobi a gida. Nan ƙasar mutane kuwa ɗan dako ne ni, kuma wa ke jin maganar ɗan dako? Su ƙarata.

Alhamis, 6 ga Maris

Buhu ɗari biyu da arba'in yau. Bayana. Uwar yara ta kira, wai muryata ta tsufa.

Asabar, 15 ga Maris

Idon Baba na dama ya yi ja wur, ya kumbura. Gaban kunnensa kaluluwa ta fito kamar ƙwan tattabara. Zazzaɓi kuma da yamma. Gadonsa na ƙarƙashin nawa, ina jin ƙarfen gadon na rawa.

Ya je wurin mai kantin magani, wannan da ke sayar da sabulu da batir haɗe da ƙwayoyi. Ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba, ya miƙa masa maganin ɗigawa. Wai iska ce. Iska! Direban sito ya ce kambun baka ne, mai gadi ya ce haƙori ne. Kowa likita ne a gidan nan, ban da wanda ya yi karatun.

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Talata, 18 ga Maris

Mai sito ya sauko daga ofishinsa, hanci a toshe da hankici, ya tsaya nesa da Baba kamar ya ga mushe. Ya ce nan wurin abinci ne, ba zai ajiye mai cuta yana shafa wa mutane ba. In zuwa Litinin abin bai baje ba, ya haɗa kayansa. Takardar zaman Baba a ƙasar nan kuwa da aikin take ɗaure. Shekara ashirin da shida yana auna wa mutumin nan kaya, bai taɓa cin ko awo ɗaya ba.

Wane gida zai koma? Matar ta rasu, gidan kuma 'yan'uwa sun raba.

Laraba, 19 ga Maris

Na duba da kaina, tunda ba wanda zai duba. Na kama figaggiyar na buɗe gashin wuyanta: baƙin gari cunkus kamar an barbaɗa mata toka. Na kaɗe shi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ya narke ya yi ja. Kashin ƙuma, jini ne zalla. A cikinsa ƙwayar cutar take. Kyanwa ta yi susa ya maƙale a farcenta, ta yakushi mutum ta dasa masa. Ko mutum ya kwasa da hannunsa ya kai ido, kamar wani dattijo da na sani. Ita kuwa garau take, ba abin da ke damunta. Kuma ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Wannan kaɗai ya isa ya tsare wa Baba aikinsa.

Na gaya masa. Na zaci zai yi murna. Sai ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, kada ka faɗa. Ka san mutumin nan. Guba zai sa musu."

Na ce, Baba, kai za a kora fa. Ya ce ya sani. Ya ce duk garin nan ita kaɗai ke tarbarsa in ya shigo da safe.

Tsoho da furfura, zai ba da wurin kwanansa saboda abin da bai kai nauyin takalmina ba. Wauta iri-iri ce. Kuma ni da nake kwana a samansa shekara huɗu, ashe ban kai kyanwa ba. To, gaskiya ne, ban taɓa tarbarsa ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ja shi asibiti, yana turjewa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Likitar yarinya ce, na riga na raina ta tun daga ƙofa. Sai ta taɓa kaluluwar, ta juya hannunsa ta ga yakushin, ta tambaya ko akwai kyanwa a inda yake. Kafin ya yi ƙarya na ce akwai, da ƙuma kuma. Ta dube ni, ta ce a ina na sani? Na faɗa mata. Ta ce, ashe abokin aiki ne.

Na daɗe ban ji wannan ba. Ba komai ba ne. Na dai rubuta.

Ta ɗebi jini, ta ba shi ƙwayoyi, ta rubuta takarda cewa ba ya yaɗuwa tsakanin mutane. Ta ce kumburin zai ɗau makonni. Baba ya juya mini ƙeya har muka iso. Sunan kyanwa na cikin takardar.

Asabar, 22 ga Maris

Ya ƙi shan shayin da na haɗa. Ya sha na direba, mai kama da ruwan wanki.

Litinin, 24 ga Maris

Mai sito ya karanta takardar sau biyu, leɓe na motsi. Ya ce shi ke nan, Baba ya zauna, a kawo guba. Yadda Baba ya faɗa.

Ban shirya yin magana ba. Na ji bakina na cewa, ranka ya daɗe, in ka kashe su ƙumar ba za ta mutu ba. Ƙwanta na cikin tsofaffin buhunan can da ka hana a zubar. In ta ƙyanƙyashe ta rasa kyanwa, ƙafafun mutane za ta bi, har matakalar ofis. Ɓeraye kuma su dawo kan shinkafarka, da tasu ƙumar.

Ya dubi ƙafafunsa. Ba Baba ya ji wa ba, ba kyanwa ba, safarsa ya ji wa.

Ya ce, "To likitan buhu, kwana goma. In na ga ƙuma ɗaya, kai da su duka."

Tsuntsun da ya ja ruwa. Wa ya aike ni?

Alhamis, 27 ga Maris

Na ƙone buhunan. Na wanke bayan sikeli da tafasasshen ruwa, na bi kowace tsaga. Na samo maganin ƙuma wurin likitan dabbobi, irin wanda ake ɗigawa a ƙeya inda harshe ba ya kaiwa. Uwar sai da na naɗe ta a bargo, ta zage ni da yarensu. 'Yar kuwa lamo ta yi a tafina, zuciyarta na bugawa kamar agogon hannu. Na rage mata farata.

Hannuna bai manta ba. Haushin abin ke nan.

Baba na tsaye da ido ɗaya yana ba ni umarni, wai a hankali, ɗana. Na ce ya je ya wanke hannu. Ya je.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kwana goma sun cika tun ranar Alhamis. Mai sito ya aiko direba ya duba, direba ya leƙa daga ƙofa ya ce babu. Da ma babu ɗin. Kowace safiya ina taje figaggiyar a kan farar takarda.

Kaluluwar Baba ta koma kamar gyaɗa, ido ya buɗe. Ya dawo shan shayina, yana kushe shi.

Yau ba aiki, amma na biya ta sito. Don in duba ƙuma ne kawai. Figaggiyar ta taho da gudu tun daga bayan sikeli, ta hau takalmina. Kan kifin da ke aljihuna ta ji, na san halinsu.

Kan kifin ma da ma ba ci nake ba.