Wace Murya Za Ka Ba Ni, Baba?

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san takardar nan ba za ta iso ka ba, ba kuma za ka kira ƙanwata Sa'a ta karanta maka a zaure ba. Amma abin ya cika mini ciki, kuma mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Gubaira, a nan ƙasar da na zo ci-rani, babu wanda zan iya faɗa wa.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba. Sa'a ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Rumfar kallonka kuwa an mayar da ita wurin cajin waya, bencinan ne kawai suka rage.

Ka tuna rumfar? Kai da ba ka jin Turanci ko na gaisuwa, ka zauna gefen talabijin kana fassara wa rabin unguwa fim, kana cusa wa kowa magana a baki. Bature akta ka ba shi murya mai kauri. Baƙin mutum kuwa, mai binsa a daji da akwati a ka, ka ware masa wata 'yar siririyar murya mai rawa. A kowane fim sunansa Tanko a wurinka. Da Tanko ya zame ya faɗa kogi, ko zaki ya yi gaba da shi, sai ka saki ihun nan, rumfa ta kece da dariya. Ni na fi kowa, har da dukan benci. Bature ko waiwaye ba ya yi, akwatinsa kawai yake nema. Ban taɓa tambayar ka ko Tanko yana da uba ba.

Ga abin da na ɓoye maka. Ranar da aka ce jikinka ya yi tsanani, na je wurin kafili, mai gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, na roƙe shi fasfona da izinin fita. Ya ce in dakata, wasu Turawa sun zo ɗaukar fim a bayan gari, suna neman baƙaƙen mutane, ya riga ya ba da sunayenmu. Kwana biyar ne kawai, in an gama in tafi. Na ce maka a waya aikin gini ne ya riƙe ni. Ƙarya na yi maka, Baba.

Aka kwashe mu zuwa cikin rairayi. Aka tuɓe mana riguna, aka ɗaura mana tsumma, aka shafe mu da mai wai don baƙin ya ƙara fitowa. Turawa suna ƙarƙashin laima da ruwan sanyi, mu muna rana. Wata mata ta bi layi tana duban mu kamar a kasuwar awaki, ta nuna ni. Akwati aka ɗora mini. Wallahi babu komai a cikinsa, amma wuyana har yau bai saki ba. Aikina in bi bayan akta, in ji ƙarar bindiga, in faɗi. Sau tara na faɗi, wai ban iya mutuwa ba. A na taran aktan ya tsallake ni ya ɗauki akwatin, aka tafa masa.

Rana ta huɗu ce. Ina tofar da yashi na duba waya, na tarar har an kai ka.

Ka san abin da kafili ya ce? Wai Allah ya jiƙanka, amma tunda an riga an rufe, tafiyar me zan yi? Fasfon yana cikin durowarsa har yau. Kullum bukra, wato gobe, goben kuma ba ta zuwa.

Ba fushi nake da kai ba. Abin da aka kawo mana muka kalla, kuma da muryar nan ka ciyar da mu. Amma an ce fim ɗin zai fito baɗi. Zai iso garinmu Maradi, samarin da suka gaje ka za su fassara shi a waya. Inna za ta gani, takwaranka ma wata rana zai gani. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan. Da kana zaune gefen talabijin, mai akwati ya faɗi, ka gane fuskar, wace murya za ka ba ni? Tanko za ka ce, ko za ka kira sunana?

Allah ya yafe mana dariyar nan, ni da kai. Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da bai zo ba,
Isufu