Wanda Ya Shuka Ƙuduji

Unguwar Kaɗanya, ta Fulatan, Rogo
Farkon Satumba

Zuwa ga Yaya Gwadabe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya damina a Karaye? Yaya kunnen? Da na kira ka ranar Talata sai da maƙwabta suka ji sirrina duka, kai kuwa kana ta cewa "na'am?" Shi ya sa na koma takarda. Direban motar kasuwa zai kawo maka.

Yaya, ƙuduji ya cinye mana gonar gandu. In ka tsaya a bakin gona, fure ne ja-ja har iya ganinka, dawa kuwa ta tsaya a gwiwa ta yi rawaya. Maigida ya ce wannan hannun mutum ne, ƙaninsa Mijinyawa ne ya watsa irin. Ni ce kuma na ba shi abin riƙewa. Da bazara, kafin ruwan shuka, ina dawowa daga itace na hango Mijinyawa a gindin tsamiyar gonar da ƙwarya a hannu yana watsa wani abu. Na faɗa a gida kamar yadda ake cewa an ga akuyar wane. Yanzu maganar ta zama shaida.

Maigida ya kai ƙara gaban dattawan ikilisiya. Za a zauna ƙarshen wata bayan sujadar Lahadi, ni za a tasa in ba da shaida. In ta tabbata za a sa shi horo, ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji. Wannan ma mai sauƙi ne. Wa zai ƙara barin wanda ya shuka wa wansa ƙuduji ya taka masa gona, ko ya ara masa garma? Matarsa ta ce har ya fara zancen kwashe iyali zuwa Falgore wajen danginta. Da aka tambaye shi ko shi ya watsa irin, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ka san Mijinyawa yana ɗan shekara bakwai aka kawo ni gidan nan. Ni na riƙe shi har ya yi aure.

Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan maƙiyin da ya shuka ciyawa cikin alkama, kowa na satar kallon Mijinyawa. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Allah ya yi komai, kuma mai kyau ya yi. To ita mugunta daga ina ta fito? Shi maƙiyin, wa ya shuka ta a cikinsa? Kai da ka tsufa a gidan jarida cikin littattafai, faɗa mini. Ina so in sani kafin in buɗe baki.

A gaida Fauziyya da yara.
Ƙanwarka, Hajo

Karaye
Satumba

Ƙanwata Hajo,

Salama ta Ubangiji ta tabbata gare ku. Muna lafiya, ina fata haka kuke. Kunne yana nan, ya zaɓi abin da yake son ji.

Tambaya biyu kika ɗaure dami ɗaya. Bari in kwance.

Ta farko. A wajen aiki, in ɗan rahoto ya kawo mini labari, nakan raba abin da ya gani da abin da ya ɗauka ya gani. Kin ga mutum, kin ga ƙwarya, kin ga hannu yana motsi. Kin ga abin da ke cikin ƙwaryar? Ki koma gonar ki duba mini inda ƙudujin ya fi yawa, gindin tsamiya ko wani gefen. Ki tuna mini kuma abin da Sulle, maigidanki, ya shuka a wurin bara da bara waccan da kafin nan. Sannan ki tambayi Mijinyawa da kanki, ba a gaban dattawa ba, a bakin murhunki da tuwo a gabansa.

Ta biyu ta girme mu. Akwai wani tsohon malamin ikilisiya, ɗan Afirka ta Arewa, da ya yi shekaru yana fama da ita. Inda ya tsaya shi ne mugunta ba halitta ba ce da Allah ya ƙera. Abu mai kyau ne ya lalace, kamar huji a jikin zane: in babu zanen, babu hujin. Na daɗe ina ɗaukar wannan wayon malamai ne, sai takardarki ta tuna mini ƙuduji. Ki tuge guda ɗaya a hankali ki duba ƙasansa. Ba shi da saiwar kirki ta kansa, a jikin saiwar dawa yake manne. Irinsa kamar ƙura yake, yakan yi shekaru kwance cikin ƙasa, ba ya farkawa sai saiwar hatsi ta zo kusa.

Ƙiyayyar da na gani a aikina ma kusan haka take. Da wuya ka same ta tsakanin baƙi. Kisan farko a duniya tsakanin wa da ƙani aka yi shi, kuma a wurin miƙa wa Allah baiko ya faro.

Wanda ya shuka ta cikin maƙiyin kuwa, ban sani ba. An ce da ra'ayin kansa ya juya wa Allah baya. Dalilin juyawar ne har yau ba wanda ya gamsar da ni.

Abu ɗaya: Fastonku ya tsaya a rabin misalin. A ƙarshensa barori sun so su tuge ciyawar nan take, mai gonar ne ya hana.

Ki gaida Sulle. Allah ya ba ki natsuwa.
Yayanki, Gwadabe

Unguwar Kaɗanya
Tsakiyar Satumba

Yaya,

Barka da war haka. Takardarka ta iso, na gode. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na tuge, na gani, haka yake kamar kaska a jikin kare. Gindin tsamiya kuwa nan ne kaɗai dawa ta yi kai, wataƙila don shanu suna kwana a wurin da rani. Ƙudujin ya fi yawa can tsakiya, nesa da inda na ga Mijinyawa.

Tambayarka a kan abin da aka shuka ce ta hana ni cin abinci. Bara dawa. Bara waccan dawa. Na yi ta komawa baya ban ga gyaɗa ba. Da, tsohon su maigida juyawa yake yi, bana dawa, baɗi gyaɗa. Ko Malam Zulkifilu mai sayen gyaɗa a kasuwar Rogo duk kaka sai ya tsokani maigida, wai ko Kiristoci sun haramta gyaɗa ne ba a sanar da shi ba.

Na san ranar da abin ya soma. Ka san a godiyar kaka kowane gida yakan kawo dammunan dawa gaban majami'a, a kira suna a faɗi yawa. Shekarar da aka yanka wa Mijinyawa gonarsa, nasa sun fi namu. Faston lokacin ya ce, cikin wasa, ƙarami ya wuce babba. Aka yi dariya aka tafa, har da maigida. Da damina ta zagayo sai ya zuba dawa a wurin gyaɗa. Gyaɗa a buhu ake kawo ta a ajiye gefe, ba a kiran sunan kowa a kanta.

Mijinyawa ya ci tuwona jiya. Ya daɗe yana juya miya kafin ya ce garin gero ne a ƙwaryar. Tsohonsu bai bar al'adar kakanni ba har ya rasu, kuma yana ciwon ajali ya roƙe shi kada a bar gandu ya ga ruwan shuka ba a zuba gari a gindin tsamiya ba. Duk shekara yana yi, bana ne aka gan shi. Na ce don me bai faɗa ba.

"Yaya Hajo, in na yi shiru horo, in na faɗa horo. Kuma Yaya Sulle ya gaya wa kowa Baba ya ba da gaskiya kafin ya cika. In tashi in ƙaryata shi a gaban dattawa?"

Da zai tafi, ya tsaya a ƙofa yana neman takalminsa, ya ce ba shi ya shuka ba, amma ranar da ya ga furen nan a gonar wansa, wani abu a cikinsa ya ji daɗi. Ya ce wannan ya fi garin geron ba shi tsoro.

Maigida kullum yana ce mini in faɗi abin da na gani kawai. To me zan yi?

Ka huta lafiya.
Hajo

Karaye
Satumba

Ƙanwata,

Na gaishe ku duka, Allah ya ƙara lafiya.

Sulle ya ba ki shawara mai kyau, ko da bai san iyakarta ba. Ki faɗi abin da kika gani: ƙwarya, da inda fure ya fi yawa, da shekarun da gonar ba ta ga gyaɗa ba. Garin gero ji kika yi, ba gani ba. Maganar mai ita ce, shi zai faɗa ko ya bari. Amma ki fara gaya wa Sulle a ɗaki abin da za ki faɗa. Kada ya fara jinsa a gaban maza.

Na yi ta juya labarinku. Mutum yana so ya kawo wa Allah fiye da na bara, wa zai ce laifi ne? Wani kuma yana cika alkawarin ubansa don gonar wansa ta yi albarka. Ki nemi mugun a cikinsu, ba za ki same shi ba, ga shi kuma gona ta mutu, gida yana shirin rabuwa. Da Sulle bai goyi yaron nan ba, bai koya masa riƙon fartanya ba, da tafin ranar nan bai yi masa ciwo ba. A saiwar ƙaunar abin ya manne.

Abin da Mijinyawa ya faɗa a ƙofa ya fi duk littattafaina gaskiya. Mu Kirista mun ce irin yana kwance a cikin kowa tun daga iyayenmu na fari, shi ya sa ba gyaran hali kawai muke bukata ba, sai Mai Ceto. Ina ganin wanda ya tsorata da abin da ya gani a cikinsa ya fi kusa da lafiya.

Ina yi miki addu'a.
Gwadabe

Unguwar Kaɗanya
Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna.

Na gaya wa maigida tun ranar Asabar, ana gobe zaman. Ya ɗauki fartanya ya fita. A gaban dattawa na faɗi ukun nan. Da na zo kan gyaɗa sai tsofaffin manoman suka sunkuyar da kai, don duk sun sani. Wani dattijo, Baba Lado, ya matsa mini, wai tunda ni na goyi yaron ai na san abin da ke cikin ƙwaryar. Na ce ban gani ba. Ya ce ba gani ya tambaya ba. Sai Mijinyawa ya miƙe.

"Ku ƙyale ta. Garin gero ne, Baba ya sa ni, ni kuma na yi."

An wanke shi daga ƙuduji, an sa shi horo wata uku saboda garin. Yana bencin baya, yana rera waƙa da ƙarfi fiye da da. Amma zancen Falgore bai mutu ba. Ya ce ba zai zauna gari ɗaya da wan da ba ya amsa gaisuwarsa ba. In ruwan shuka ya sauka suna haka, zai tafi.

Maigida ya rasa gona, ya rasa ƙara, ya rasa labarin da yake faɗa a kan ubansa. Ni ma sai da aka yi mako biyu kafin ya yi mini magana. Abin da ya ce shi ne in rubuto maka ka nema masa irin gyaɗa mai kyau a Karaye. Duk Unguwar Kaɗanya an san wanda ya fi kowa irin gyaɗa, ƙaninsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi.

A gaida mutan gida.
Hajo

Karaye
Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, barkanku da kaka.

Ki gaya wa Sulle akwai irin gyaɗa a kasuwar Karaye, mai kyau kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ki gaya masa kuma ba zan aiko ba.

Allah ya kai mu damina.
Gwadabe

Unguwar Kaɗanya
Afrilu

Yaya,

Barka da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yau da safe ina shara maigida ya wuce ni da ƙwarya a hannu. Wannan karon na leƙa. Babu komai a ciki. Ya fita zaure ya juya hagu, wajen ƙofar Mijinyawa.

Har na gama rubutun nan bai dawo ba. Direba yana jira.

Ƙanwarka, Hajo