Dutsen Washin Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da jaririn da har yau kuka hana mu ganinsa. Mu nan lafiya lau, sai dai abu ɗaya.

Injin washin Baba ya mutu. Ka tuna shi ai, mai dutse a kwance kamar faranti, yana juyawa a hankali, ruwa na ɗiga masa daga gwangwanin sama. Wanda ka taɓa sa wa yatsa don ka ji ko da gaske yana ci. Ranar Talata ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya ce haƙoran giyar sun cinye, kuma an daina yin irinsu tun kafin a haife ni.

Tun ranar Baba bai taka shago ba. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya zaunar da shi, yanzu yana gida yana sa wa Inna baki a girki, har ta ce in ban nemo masa abin yi ba ita za ta koma kafinta. Ƙofar da yake sassaƙawa tana jingine, rabi furanni rabi katako.

Na zaga masu kayan aiki kaf, kowa sai ya nuna mini mai dutse a tsaye. Baba kuwa ya ce shi mai kwance ko babu. Taurin kai ne kawai, ka san halinsa. Na san kuma abin da za ka ce, wai ya huta haka nan ya dawo wurinka, ɗaki na jiransa. Kada ka faɗa masa tukuna. Ka dai duba mana a wajenku.

Ka gaida mutanen gidan.

Ƙanwarka,
'Yar Zarto

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Anti? Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Injin da ka aiko yana da kyau, gudu kamar zai tashi sama, ga tartsatsi. Baba ya ji ƙararsa sau ɗaya ya ja da baya, ya ce a kashe.

Abin ya ba ni haushi, na ce sai na nuna masa zamani ya wuce shi. Na ɗauki siririn kurfinsa na sassaƙa, wanda ya gada wurin ubangidansa, wanda ko kai ɗan fari ba ka taɓa riƙewa ba, na ɗora a kan dutsen. Kafin in ƙifta ido bakin ya koma shuɗi. Ku mutanen ofis ba ku san wannan ba: in ƙarfe ya yi shuɗi, zafi ya kashe masa tauri, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Kwana biyu ina ɓoye shi a aljihun rigar aiki. Jiya na yi ta maza na kai masa da tsakar rana, na miƙa, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya juya shi, ya kawo shi dab da fuskarsa, sannan ya tambaye ni me ya samu kurfin.

Yaya, shuɗin nan daga bakin titi za ka hango shi. Baba bai gan shi ba.

Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Yadda yake sa ni karanta masa awo, wai yana gwada ni ne. Yadda yake shafa katako kafin ya ce komai a kansa. Na tsare Inna a kicin, ta fashe da kuka, ta ce an fi shekara ganinsa na raguwa, shi ya hana ta faɗa. Ashe a kan dutsen kwance yakan ɗora yatsunsa a bayan ƙarfen, ruwa na sanyaya shi, yana aiki da hannu da kunne. Injinka kuwa yatsan zai fara ci. Wannan nake ta kira taurin kai, har a takarda.

Ban iya gaya masa abin da na yi ba, na karɓi kurfin na fita. Kunya ta ishe ni. Gobe zan koma nema, kuma yanzu na san abin da nake nema.

Taka,
'Yar Zarto

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, albishirinka, an samu!

Wani mai gyaran takalmi ne ya tura ni gidan marigayi Mai Ƙusa, abokin hamayyar Baba, wanda Baba ya laƙaba wa sunan don komai da ƙusa yake haɗawa. Injin na bayan ɗaki a rufe da buhu, kaza har ta yi ƙwai a tiren ruwan. Matarsa ta ƙi sayarwa. Ta ce in ɗauka, domin mijinta ya sha faɗa a gida cewa Baba ne kaɗai ya iya washi, amma a waje ko za a yanka shi ba zai yarda ba. Sharaɗinta ɗaya, a riƙa wasa mata almakashi.

Da jin labarin Baba ya riga ni zuwa shago. Da na kawo injin ya shafa dutsen ya ji tsakiyarsa ta yi rami, ya ce ka ji ragon mutum, wuri ɗaya yake bi shekara da shekaru. Daga nan ya yi wa marigayin addu'a, idonsa cike da ƙwalla. Yini guda ya ɗauka yana daidaita fuskar dutsen.

Washegari abin da ya fara nema shi ne kurfin. Bai fi minti ɗaya a kan dutsen ba ya ɗago kai, ya ce kukan ƙarfen nan ya canja, wa ya ƙona shi? Na ce ni ce. Ya shafa bakin kurfin da yatsa, ruwa na ɗiga. Can ya ce sai an cinye wurin da ya ƙone kafin a kai ga ƙarfe mai rai, kuma tunda shi ba ya gani ni ina gani, in tsaya kusa in gaya masa idan shuɗin ya ƙare. Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa.

Ya yarda in kai shi likitan ido ranar Alhamis, muddin daga can shago za mu wuce. Ɗakin da ka tanada, ka sa wa jariri gado a ciki. Injinka kuma zan bai wa mai walda, shi tartsatsi ba ya damunsa.

Mun kai la'asar a tsaye, shi yana washi ni ina kallo, kurfin ya ragu da kamar tsawon farce. Shekara goma sha ɗaya ina shagon nan, Baba bai taɓa karɓar aikina ba sai ya duba da kansa. Da na ce masa shuɗin ya ƙare, bai ɗaga kurfin ya duba ba. Ya kashe injin, ya ce in jawo masa ƙofar.

Ku zo mana da yaron, yana so ya riƙe shi.

Ƙanwarka mai kewarka,
'Yar Zarto