Rasuwar Uwargida Miriyam Asher Didam, Mai Ɗakin Maganinmu na Dare

Cikin alhini da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Hukumar Gudanarwa ta Gidan Salama na Kula da Tsofaffi da Masu Doguwar Jinya da ke Kafanchan ta samu labarin rasuwar babbar jami'armu mai harhaɗa magunguna, Uwargida Miriyam Asher Didam, wadda ta huta ranar Lahadin da ta gabata bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiya, 'yar asalin Zonkwa, ta riƙe ɗakin maganin wannan gida a aikin dare tun yaranta suna firamare har suka yi aure. Sau da dama Hukuma ta nemi ta mayar da ita aikin rana, ita kuwa ta ƙi, tana cewa da dare ne ciwon tsoho yake tashi, kuma da dare ne ba wanda yake son a tashe shi. Likitocinmu shaida ne, domin babu wanda ba ta taɓa hana shi barci ba a kan ƙwayar da ta ga ta yi wa ƙodar dattijo yawa. Sun yi ta gunaguni, yau kuma su ne suka fi kowa kuka.

Ba za mu ɓoye ba, Mama Miriyam mace ce mai taurin kai, kuma taurin kan nata ya gyara mu. Ta tarar muna daka wa masu ciwon mantuwa magani a cikin kunu in sun ƙi sha, ta tsaya kai da fata sai da aka daina. Ra'ayinta shi ne, wanda ya haifi mutane ya tarbiyyantar da su ya wuce a yaudare shi da kunu, dole a gaya masa abin da zai haɗiye. Da ta lura cewa tsofaffinmu kan manta Hausa da Turanci su koma harshen da aka yi musu goyo da shi, sai ta shiga koyo a bakin masu shara da masu gadi, har ta iya rarrashi da harshen Kagoro, da na Jaba, da na Kagoma, da ɗan Ibo saboda matan tsofaffin ma'aikatan reluwe. An sha yi wa karin harshenta dariya, amma maganin yana shiga.

A madadin Shugaban Hukuma, da likitoci, da nas-nas, da dukan mazauna gidan, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Dattijo Asher Didam, da 'ya'yansu da jikokinsu, da Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. Kun ba mu aron uwa a daren da ya kamata ta kwana a gida, mun sani, kuma muna godiya. Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa zukatanku, ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Muna da roƙo guda ga jama'a game da wani mazaunin gidan nan, da izinin iyalinsa. Baba Gershon, tsohon direban jirgin ƙasa ɗan Kagoma, ba ya jin kowane harshe yanzu sai na garinsu, kuma daga hannun marigayiya kaɗai yake karɓar maganin zuciyarsa. Tun da ta kwanta ciwo ya rufe baki, ƙafafunsa sun fara kumbura, likita kuma ya damu ƙwarai. 'Ya'yansa sun tashi a bariki, ba su iya harshen ba. An kawo shawarar a daka masa maganin a kunu, ma'aikatan dare suka ce ba za su iya ba alhali ko binne ta ba a yi ba.

Saboda haka, duk mai jin harshen Kagoma da zai zo jana'iza a Zonkwa ranar Asabar, muna roƙonsa kada ya jira Asabar, ya biyo ta gidan nan yau da yamma. Akwai abu biyu da muka kasa gaya wa Baba: sunan maganinsa, da dalilin da ya sa matar da yake leƙen zuwanta a bakin ƙofa ba ta zo ba.

Sa hannu:
Rabaran Dickson Kambai
Sakataren Hukumar Gudanarwa kuma Kakakin Gidan Salama, Kafanchan